Ƙwaurin Auta

Bandeji Koci, mai horar da 'yan gudu, ya shiga nema a ɗakin shan maganin makaranta, sai ya tarar da sabuwar nas tana jera kwalabe. Babbar 'yar Shugaban makarantar ce. Ta dubi agogon gudu da ke rataye a wuyansa ta ce, "Kai ne mai kashe mana yara da gudu?"

"Ni ne," in ji shi. "Ke kuma an kawo ki ki riƙa tashinsu."

Ta yi dariya, shi ke nan fa bawan Allah ya faɗa. Kafin wata uku ta raɗa masa Mai Agogo, shi kuma ba ya kiranta sai Likitata.

Da maganar ta kai kunnen Shugaba, ƙememe ya ƙi. Me zai yi da surukin da aikinsa busa usur, ga malamin lissafi mai mota yana ta kai gaisuwa? Sai da 'yarsa ta yi sati ba ta cin abincin kirki, sannan ya kira Koci ofis.

"Makarantar nan ba ta taɓa cin kofin mita dubu uku na 'yan mata ba. Ka kawo min shi, sai ka turo magabatanka."

Wadda za ta iya ciyo kofin kuwa ɗaya ce tak, Auta, ƙanwar Nas ɗin.

Koci yana da ƙa'idarsa. Yau gudu mai tsanani, gobe sassarfa, hutun kwana ɗaya a sati, kuma a kan ciyawa. Amma so ya rufe masa ido. Ya ninka wa Auta nisa, ya soke ranar hutu, ya mayar da ita kan kwalta don lokacinta ya sauko. Lokacin kuwa ya sauko, har yana murna.

Saura kwana biyar tsere, saƙo ya shigo masa:

"Mai Agogo, zo yanzu. Auta tana wurina."

Ya tarar da ita zaune a kan gadon duba marasa lafiya. Nas ta ɗora yatsa ɗaya a ƙwaurinta na hagu ta danna. Yarinyar ta ciji leɓe, hawaye ya zubo.

"Ƙashin ya fara tsagewa," in ji Nas. "Tun yaushe kike ɓoyewa?"

"Sati biyu, Yaya." Ta juya wurin Koci. "Malam, don Allah kar ku gaya wa Baba. A ba ni maganin ciwo kawai. Minti goma sha ɗaya ne fa, zan daure. Ni dai ku yi aurenku."

Koci ya shiga auna abin. In ya sa ta, wataƙila ta ci, wataƙila kuma ƙafar ta karye a tsakiyar fili. In ya cire ta, ya san halin Shugaba, ba ya magana biyu. Abin da ya fi cin ransa, shi da hannunsa ya jawo.

Kwana biyu yana zagaya fili kamar wanda ya yar da makulli. Ya rubuta mata, "Likitata, ta ko'ina na juya bango ne. Ina sonki, wallahi."

Ta amsa, "Ni ma haka, abin ƙaunata. Amma ita ma jinina ce. Ba zan zaɓa maka ba."

Washegari da safe ya ɗauki littafin atisaye ya shiga ofis, ya buɗe shi a gaban Shugaba.

"Ranka ya daɗe, Auta ba za ta yi tseren nan ba. Duba nan, ni na ninka mata nisa, ni na hana ta hutu. Don in samu yayarta na yi. Laifina ne."

Shugaba ya cire tabarau. "Ka san abin da ka rasa?"

"Na sani."

"Tashi ka ba ni wuri."

Kofi ya tafi wata makaranta. Nas ta daina fitowa tsakar makaranta, Koci ya rame, har ya rubuta takardar barin aiki ya ajiye a aljihu. Ana nan sai Shugaba ya kai Auta asibiti da kansa aka ɗauki hoton ƙafar. Likitan ƙashi ya nuna masa layin tsagewar, ya ce da ta yi zagaye biyu a kansa, da sai an sa mata ƙarfe.

A ranar Shugaba ya aika a kira Koci. Da ya zo, ya ce masa, "Kai ka ninka mata nisa, amma ni na tura ka. Ka turo mutanenku."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Auta ce ta riƙo hannun amarya, tana takawa da ƙafafunta biyu ba sanda. Shugaba ya daɗe yana kallon takun nata, sannan ya kama hannun Koci ya matse.

"Ɗaya ka tsare min ƙafarta," ya ce. "Ga ɗayar, na ba ka amana. Allah ya yi muku albarka, ɗana."