Kofin Gahawa a Bakin Kwazazzabo

Gara in faɗa tun yanzu: ina tsoron tsayi. Ɗan sanda ne ni a Tolman, kudancin jihar Utah ta Amurka, inda rabin ƙasar rami ne, amma ban taɓa leƙa kwazazzabo da son raina ba. Don haka da aka kira mu da hantsi cewa wani ɗan yawon buɗe ido ya faɗa kwazazzabo, Saja LaRue Shumway ce ta je ta leƙa. Ni na tsaya gadin motarmu, wadda ba mai niyyar sacewa.

"Yana can ƙasa," in ji ta da ta dawo. "Jar riga. Ba sauran gaggawa."

Sunan mamacin Lyle Brandvold, mutumin Minnesota. Ya sayar da gidansa ya sayi doguwar mota mai ɗaki da kicin, ya kwashi iyalinsa suna zaga ƙasa tun farkon bazara: matarsa Marjean, wadda ya aura bayan rasuwar ta fari, da ɗansa Curtis mai yi musu tuƙi, da yayarsa Opal mai dogara sanda biyu. Sun kwana a gefen hanya, kusa da gaɓar kwazazzabon.

Tsakanin motar da gaɓar akwai shimfiɗar baƙin ɓawon ƙasa, mai kama da ƙanzo. Abu ne mai rai, shi ke riƙe yashi, kuma in ka taka shi jikanka ma zai tarar da sawunka. A kansa akwai sawu iri biyu. Na Lyle ya tafi bai dawo ba. Na Curtis ya tafi ya dawo.

A wurina magana ta ƙare. Har na shafa ankwa.

LaRue ta fara da Opal.

"Madam, me kika gani?"

"Wawaye biyu na gani ta taga, sun fita da sassafe suna hayaniya. Ƙanen nan nawa kullum sai ya ga fitowar rana, sai ka ce sabuwa za a kawo."

"Me suke riƙe da shi?"

"Ba komai. Lyle ko hularsa ba ya ɗauka. To don me ya yi aure?"

"Daga nan fa?"

"Na sha magani na koma barci. Dube ni, 'yar nan. Banɗaki ma sai an kai ni."

Muka cire ta daga lissafi.

Curtis, ƙato, na zaune a matakin motar. Ya taɓa zaman gidan yari kan fasa wa wani baki, kuma shi da kansa ya faɗa kafin a tambaye shi.

"Kan me kuka yi faɗa?" in ji LaRue.

"Na ce na gaji da tuƙi, zan koma. Baba ya ce in koma ina, kurkuku? Na bar shi tsaye yana zagin duwatsu. Na bi titi da ƙafa don in huce."

"Wa ya gan ka?"

"Hankaka." Ya ɗago ya dube ni. "Kun riga kun gama da ni, ko? In na sake shiga, ba fita."

Ban ce masa a'a ba.

Marjean na cikin kicin, siririya, mai kimanin shekara hamsin, tana goge teburin da ba shi da datti.

"Ina kwance, kaina na ciwo," in ji ta. "Ban sa ƙafa waje ba. Ban ma san ƙasar nan ba, Saja, wannan ne zuwana na farko. Duk ja ce, duk ɗaya."

LaRue ta ja ni gefe.

"Dell, ka ga abin da ke bakin gaɓa?"

"Kin san ban gani ba."

"Kofin gahawa. A zaune, an sha rabi. Irin na kicin ɗin nan."

"Tsohuwa ta ce hannunsu wayam suka fita."

"Ashe kana ji."

"To sawu biyu ne kawai. Sai dai in tsuntsu ne ya kai masa."

"Zo mu ga tsuntsun."

Ta ce doka ta nemi dangi su leƙa su tabbatar da gawa, ɗaya bayan ɗaya. Ban san wannan doka ba, amma na gyaɗa kai kamar ni na rubuta ta.

Curtis ya miƙe sak ta kan baƙin ɓawon, ɓaras-ɓaras, yadda kowane baƙo ke yi. Ya leƙa, ya durƙusa, ya yi amai.

Sai Marjean. Ta sauko da hankici a fuska. Ba ta ko dubi ƙasa ba, ƙafafunta da kansu suka karkata hagu. Ta hau falalen dutse, ta bi dutse zuwa dutse, ta gangara cikin yashin busasshiyar ƙorama, ta ɓullo a gaɓa ta doguwar hanya. Ko ƙwayar ɓawo ba ta fasa ba.

Haka nake tafiya. Haka LaRue ke tafiya. Duk ɗan yankin nan an hore shi kada ya taka ɓawon; uwata kunne take murɗewa a kan wannan.

LaRue ta bi ta, ta tsaya a ƙoramar, ta nuna yashi. Sabon sawun Marjean na kwance kusa da wani na safe, wanda ya tafi ya dawo. Takalmi ɗaya ne.

"Madam," in ji ta, "wa ya hana ki taka baƙar ƙasa?"

Marjean ta dubi sawun.

"Malama Ekker," in ji ta. "A makarantarmu, can bayan wancan tsaunin. Da rula take dukanmu. Na bar nan tun ina budurwa, Lyle ma bai sani ba."

"Curtis na wucewa kika haɗa gahawa," in ji LaRue. "Kika kai wa mijinki yadda kika saba. Ya sha, ya ajiye kofin, ya ba ki baya, kika tura shi. Kin san sawun uba da ɗa kawai za mu gani. Kofin kika manta, da ƙafafunki."

"Kullum ni ke kwashe kofinsa," in ji Marjean. "Yau na ce na gama."

"Me ya yi miki?"

"Ina da karya, Biscuit. Tsohuwa ce, tun kafin in san shi nake da ita. Ya ce gashinta na ɓata masa kujeru. A wani gidan mai a Nebraska na shiga biyan kuɗi, ya sauke ta. Sai da muka hau titi na hango ta a madubi tana bin mu. Na yi ihu. Ya ce a ƙara wuta."

Ban san sanda na matso ba. Wannan ne mafi kusa da na taɓa zuwa bakin kwazazzabo.

"Amma Curtis fa?" na ce. "Da kin bari mun tafi da shi?"

Ta dube ni, idonta a bushe.

"Shi ne a sitiyari."

Curtis na durƙushe kusa, ya ji. Bai musa ba. Na sa mata ankwar da na tanadar masa. Da muka juya zuwa mota, ta ja ni hagu, muka bi ta kan dutse.

Da la'asar aka kawo motar janwe don ciro gawar. Hanya mafi kusa zuwa gaɓa ta kan baƙin ɓawon ce, ta nan kuwa aka bi. Ni na tuƙa.