Motar da Ba Ta Tashi Sai a Hannun Ɗa

Da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda. Jiya wani dattijo ya faɗi a tsakar gidansa, maƙwabci ya shiga motar gidan zai kai shi asibiti, mota ta ƙi tashi. Kafin a samo wata, rai ya yi halinsa.

Babban ɗan mamacin ne ya shigar da ƙarar, yana zargin bakanike da kashe masa uba da aikin banza. Tuni mutanen unguwa sun farfasa garejin bakaniken. Da ƙyar aka ƙwace shi, kansa na zubar jini.

Sufeto ya same shi a bayan kanta.

"Me ka gyara a motar?"

"Yallaɓai, me ban gyara ba? Na sa sabon batir, na canza kik, na wanke fulogi. Kullum sai a ce jiya ta ƙi tashi. Ni kuwa ban taɓa ganin ta ƙi ba."

"Wa ke kawo ta?"

"Ɗansa, wanda ya yi ƙarata. Da ƙafafunta take zuwa."

Sufeto bai ji daɗin wannan amsa ba. Mota dai ba ta jin kunyar bakanike.

Ya tafi gidan makoki da kofur ɗaya, ya tarar da motar, tsohuwa, gefenta duk ƙarzuwa, ƙofar gidan ma ta lanƙwashe. Matar mamacin na zaune riƙe da tabaraun mijinta mai kauri.

"Mama, Allah ya jiƙan Baba. Yaushe motar ke ƙin tashi?"

"In zai fita da kansa. Ya yi ta murɗa makulli, ta yi ta tari. Sai yaron nan ya dawo aiki da yamma, ya shiga, bugu ɗaya ta tashi. Har tsokanarsa yake, wai motar ta fi son sa."

"Wa ya buge ƙofar can?"

"Baban. Idonsa ya yi rauni, amma ba ya so a faɗa."

Sufeto ya kira ɗan. "Ka san gyaran mota?"

"Ko bonet ban taɓa buɗewa ba."

"Ba sai an buɗe bonet ba," in ji Sufeto.

Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari. Ko'ina ƙura, ban da murfin akwatin fiyus, wanda ya yi sumul don yawan taɓawa. Ya ɓalle shi. Gurbin fiyus na famfon mai fayau yake, in babu shi kuwa mai ba ya kai wa inji.

Ya miƙa hannu. "Ba ni."

"In ba ka me?"

"Ko ka ba ni, ko kofur ya laluba ka a gaban mahaifiyarka."

Ɗan ya zaro ɗan abin daga jakar katinsa, bai kai girman farce ba. Sufeto ya cusa shi a gurbinsa, ya murɗa makulli. Motar ta tashi nan take.

"Bara Baba ya kusa take wata mata a bakin titi," ɗan ya ce. "Na roƙe shi ya bar tuƙi, ya ce ni ban isa ba. Yaya zan ƙwace wa mahaifina makulli? Sai in cire da safe, in mayar da yamma. Ranar nan ina wurin aiki."

"Wannan zan iya ji," in ji Sufeto, ransa a ɓace. "Amma ka nuna wa unguwa mutumin da bai ji ba bai gani ba, suka fasa masa kai, kai kana tsaye da abin a aljihu. Kofur, tafi da shi. A saki bakanike."

Ƙarar injin ce ta fito da uwar. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi motar, ta dubi ankwa a hannun ɗanta.

"Sufeto, don Allah kashe ta," ta ce. "Jiya na so jin wannan ƙara."