Iyafis a Ƙarƙashin Hijabi

"Sau uku, Aina'u! Sau uku Inna ta yi miki magana!"

Fatihu ne, wanda aka sa mana ranar aure, tsaye a ƙofar gidanmu, ko babur ɗinsa bai kashe ba. Ni kuwa kaina sara yake, kunnuwana na zugi.

"Wallahi ban ji ta ba..."

"A hanyar gona, gaban mata masu tsigar gyaɗa, kika wuce ta ko rissinawa babu!"

Sai a lokacin na gane. Iyafis ne a kunnena, hijabi ya rufe shi ruf. Wata bakwai ke nan ina fama da jarrabawar Turancin da aka gindaya mini kafin a ba ni gurbin ƙaro karatun jinya a waje. Karatu na ci, rubutu na ci, sauraro ne ya kayar da ni har sau biyu. Turawan nan magana suke kamar ana korarsu, kuma sau ɗaya tak ake kunna wa mutum. Shi ya sa in na taso daga asibitin Makoda, tafe nake ina sauraro. Saura kwana tara in sake zama jarrabawar, kuma damar ƙarshe ce.

"Muhsina ta ce mata kiɗa kike ji, wai tun ba ki je Turai ba kin raina 'yan ƙauye. Inna ta ce a zo a karɓe kayan sa rana."

Muhsina 'yar ƙanin Inna Amsa ce, mahaifiyar Fatihu, kowa kuma ya san a kan Fatihu idon Muhsinar yake.

"Kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mahaifiyata ce, abar ƙaunata... me zan ce?"

Na gaji. Wallahi na gaji, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Washegari na sa shi ya kai ni gonarsu. Inna Amsa na zaune gindin ɗorawa, tulin gyaɗa a gabanta. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki.

"Inna, ban zo rantsuwa ba. Ki daure ki ji abin da nake ji."

Na miƙa mata iyafis ɗin, da ƙyar ta karɓa ta cusa a kunne. Ba a jima ba ta yamutsa fuska.

"Ina kiɗan?"

"Babu kiɗa, Inna. Wani ne ke bayanin lokutan tashin jirgin ƙasa, in ya gama a yi mini tambayoyi."

"Wannan ɓaɓatun kike sha kullum?"

"Wata bakwai."

"Kina ganewa kuwa?"

"Rabi... shi ma da ƙyar."

Ta cire, ta daɗe tana kallon ramar wuyana.

"In kin ci, tafiya za ki yi ki bar mini ɗa yana zullumi?"

Nan hawayen suka ɓalle.

"Shekara ɗaya ce, Inna. Kuma da aurensa a kaina nake so in tafi. Ina sonsa."

Fatihu da ke rakuɓe jikin babur ya kawar da kai. Inna ta ja numfashi, ta ture gyaɗar, ta shimfiɗa buhu kusa da ita.

"Taso ki zauna nan. Mayar da abin kunnenki."

"Inna, masu wucewa fa..."

"Ke dai yi karatunki, 'yata. Duk wanda ya yi sallama, ni zan amsa miki."