Ranar Da Suwic Ɗin Sama Ya Mutu

Ranar da Malamin lissafi ya fara ganinta, tana durƙushe a bayan kabat ɗin ƙarfe a ɗakin na'urorin makarantar, da sukundireba a bakinta. Makullin aji ya zo nema, amma ya manta.

"Malam, in ba ka da aiki, riƙe mini tocila."

Ya riƙe. Akwatuna huɗu take jerawa ɗaya kan ɗaya, ta ce sunansu suwic, su ke haɗa kwamfutoci kusan ɗari biyu na zauren jarrabawa. Har ta gama ɗaure wayoyin bayansu bai ji hannunsa ya gaji ba.

Kowa Injiniya yake ce mata, shi kuwa kafin wata biyu ya mayar da ita Hasken Idona. Ita ta raɗa masa Mai Alli, don rigarsa ba ta rabuwa da farin ƙura.

Sai dai Manajan makarantar, mai ofis a saman bene, shi ma ya ƙyasa. Kullum sai ya aika mata da lemo mai sanyi.

Wata safiya saƙonta ya shigo wayar Malam: "Na riga na zaɓi na sama, shi ne babba. Na biyu ya jira, in na sama ya faɗi sai ya hau."

Kwana uku bai ɗaga kiranta ba. A na huɗu ta tare shi a bakin aji, ya miƙa mata wayar ba tare da ya dube ta ba. Ta karanta, ta yi dariya har da hawaye.

"Haba Mai Alli! Oganmu na wurin aiki na so tura wa, hannu ya kuskure. Zo ka ga kishiyarka."

Ta kai shi gaban kabat, ta nuna akwatin sama. "Su huɗun nan shugaba ɗaya suke bi. In an kunna su, wanda na ba lamba mafi girma shi ke hawa. In lamba ta zo ɗaya, sai wanda ya fi daɗewa a kunne. Na biyu mataimaki ne, duk abin da shugaba ya sani yana kwafa."

Malam ya sosa ƙeya. "To Manaja fa?"

"Lemonsa maigadi ke sha."

Saura Umma, mahaifiyarsa. "Matar da ke hawa tsani da jakar ƙarafa? In ka dawo da yunwa, waya za ta dafa maka?" Ya yi lallashi har ya gaji, Umma ta ce ba da yawunta ba.

Ranar babbar jarrabawa, Auta ƙanwarsa na cikin masu rubutawa, karo na uku ke nan tana nema. Umma na zaune a benci a waje da carbi. Saura rabin awa a tashi, suwic ɗin sama ya yi ƙauri ya mutu. Kafin a ce kwabo mataimaki ya karɓa, sauran zauren ba su ma sani ba. Amma kwamfutoci arba'in da takwas da ke jikin mataccen suka tsaya cik, har da ta Auta.

Manaja ya sauko yana kumfar baki. Injiniya ba ta ko kalle shi ba. Ta ciro sabon suwic daga kwali, ta ba shi lamba mafi ƙanƙanta don kada ya ja da mai mulki, ta ɗaura shi, tana mayar da wayoyi ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarta. Sabon shugaba ya zuba wa baƙon duk tsarin da ke kansa. Minti tara, fitilun jikin suwic ɗin suka koma kore.

Auta ta fito da gudu ta faɗa jikin Umma. "Amsoshina duk suna nan! Wata Anti ce ta gyara!"

Umma ta dubi wadda aka nuna, duk hannunta baƙi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kwance bakin mayafinta ta miƙa.

"Zo nan, 'yata, goge fuskarki."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Injiniya: "Hasken Idona, Umma ta ce in tambaya yaushe Abbanki yake gida."

Ta amsa: "Tun jiya yake gida, Mai Alli."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Umma da kanta ta kamo hannun amarya ta ɗora a kan na ɗanta.

"Ga amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.