Sanyin Firjin Manaja

Da hantsi asibiti suka kawo rahoto ofishin 'yan sanda: allurar masu ciwon sukari da aka kai musu daga wata ma'ajiyar magunguna ta lalace. Tsohuwa ɗaya ta rasu, mutum huɗu suna kwance. Sufeto ya ɗauki hularsa yana ɗingishi. Saura wata biyu ya yi ritaya, amma gwiwarsa ta riga shi ajiye aiki.

A ma'ajiyar, manaja ya tarbe shi da tarin takardu. Ya ce akwai na'urar auna sanyi a ɗakin da ake ajiye allurar, tana aika saƙo ta intanet duk minti biyar, kuma ba ta taɓa nuna matsala ba. In an samu ɓarna, to kutse aka yi, ko kuwa a tambayi injiniyar da ta haɗa kayan.

Aka kira injiniyar. Ta buɗe kwamfutarta ba tare da ta zauna ba, ta ce kowace na'ura da makullin sirrinta a ciki, da shi take buga hatimi a kan kowane saƙo, babu mai iya kwaikwaya.

"To ƙarya na'urar ta yi?"

"Ba ta iya ƙarya, yallaɓai. Abin da ta ji shi ta aiko."

Sufeto ya sa tabarau ya bi lambobin da yatsa. Makonni uku ke nan, kullum ƙarfe ɗaya na rana da ƙarfe huɗu na yamma sanyin yana ɗan sauka, sannan ya koma. Mai kula da sito ya rantse da safe kawai yake buɗe ɗakin. Da aka tambaye shi lafiyar injin sanyayawa, ya ce ƙalau, idonsa na kan ƙofar ofishin manaja.

Sufeto ya shiga ofishin, ya zube a kujera, ya roƙi ruwan sanyi. Manaja ya ce ƙaramin firjin da ke kusurwa ya lalace.

"Lalatacce kuma yana gurnani?"

Sufeto ya miƙe da ƙyar ya buɗe firjin. Bayan robobin ruwa da kwanon abincin rana, ga na'urar an manna ta da salatif.

Manaja ya amsa laifinsa. Ya ce injin babban ɗakin ne ya fara mutuwa yana tashi, ga hukumar magunguna tana karanta saƙonnin kai tsaye, da sun gani za su rufe wurin. Shi ya sa ya mayar da na'urar cikin firjinsa, ya ɗauka kwana biyu za a gyara.

"Ban yi nufin kowa ya mutu ba," in ji shi.

Injiniyar ta tsaya tana kallon na'urar. A hankali ta ce ta kulle kowace hanya, amma ba ta taɓa tunanin hannun mutum zai ɗauke ta ba.

Sajen da ya rako Sufeto ya sa wa manaja ankwa, ya fita da shi ta gaban ma'aikata. Sufeto ya duba adireshin ɗan tsohuwar da ta rasu a littafinsa, ya ce wa direba can za su fara biyawa.