Dakta a Cikin Kwata

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ga kuskure, don Allah ku rufa mini asiri.

A cikin tasi suka haɗu, hanyar Wuse a Abuja. Littafin Nazeefa ya faɗi, Lukmanu ya ɗauko mata, ta kasa ko ɗaga ido ta yi godiya. Kafin shekara ta zagayo ya tura manya wurin mahaifinta, Alhaji Yamusa mai shagon atamfa. A daidai lokacin ya samu gurbin binciken sauro a Jamus.

"Ya je ya dawo da Dakta," in ji Alhaji. "Sannan mu yi magana."

Kullum sai saƙonsa ya shigo wayarta. "Nazeefata, nan ba a ɗauke wuta. Na'urar da muke gani a littafi yau na taɓa ta da hannuna. Sai dai sanyi, da kewarki."

Ana nan, saƙo ya yanke. Ta sha kuka, ta ɗauka Baturiya ya samu.

Uthman, wani ma'aikacin ministiri da ya daɗe yana sonta, shi ya kawo labari har shago. "Alhaji, surukin naka na gani a Durumi cikin kwata, da ludayi a hannu. Wallahi Turai ta taɓa masa kai."

Labari ya kai kunnen Nazeefa, washegari ta tafi Durumi. Ga Lukmanu tsugune, wando a naɗe, yana ɗibar ruwan kwata yana zubawa a kwalba. Yana ganinta ya juya baya.

"Lukman, kalle ni."

"Ba zan iya ba. Abin ɗumama ɗakin bincikenmu ya lalace, sanyi ya kashe saurona kakaf. Oga ya ce in dawo in kwashi 'ya'yan wasu a kwata, in sake daga farko. Da wane ido zan kalli Babanki?"

"Ni kuma fa? Ka bar ni ina ta tsine wa Baturiyar da ba ta ji ba ta gani ba."

Ta tattare mayafinta, ta karɓi kwalbar. "Zuba. In mun gama, shago za ka."

Ya je kansa a ƙasa, ya faɗi komai. Alhaji ya ci gaba da ninke turmin atamfa.

"Ɓuyan nan ne ya ɓata mini rai, ba kwatar ba," in ji shi daga baya. "Ni ma da laifina, na ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka. A ɗaura kafin ka koma, ka tafi da matarka. Amma kwalaben nan kada in gan su a gidana."

Ranar ɗaurin aure abokai suna ta "Dakta Kwata, ka sha ƙamshi!" Ango sai rufe fuska yake da hannun babbar riga. Dattawa suka yi addu'a: Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya saurayen wannan karon.

Ni dai mai ba ku labari, ba a gayyace ni ba, ina can bayan rumfa. Na ce amin a hankali, na sulale kafin wani ya tambayi ko ni 'yar gidan wa ce.