Fiffiken Motar Gwaggo

Auta yarinya ce mai son zane. Babanta yana da gareji a bayan gida, inda yake gyaran jikin mota da fenti. In ta taso daga makaranta, can take zama a kan tsohuwar taya tana zane.

Wata rana Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kawo motarta a yi mata sabon fenti. Ja ne, ko kuwa ruwan goro? To, ja ne dai, mai sheƙi. Gwaggo ta ce tana son ɗan ado a saman tayar gaba, irin mai tsaga-tsagan nan da ake liƙa wa motoci. Da ta leƙa takardar Auta, sai ta ga fiffike mai gashi uku. Nan take ta ce shi take so, ba na kanti ba.

Auta ta daka tsalle har takalminta ya fice.

Baba ya yanka fiffiken a farin ƙarfe, na dama da na hagu. Ya goge su har Auta ta ga haƙoranta a ciki. Ya sa musu gam mai ƙarfi a baya, rufe da takarda. Ya ce ita za ta liƙa, tunda zanenta ne.

Amma Baba yana da ƙa'ida. Ba ya ɓare takardar gam sai ya fara riƙe adon da salatif, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya duba.

"Wanda ya matsa kusa da mota ba ya ganin mota," in ji shi.

Ana cikin haka aka kira Baba bakin titi. Ya ce mata, "Jira ni, Mamana."

Ina! Hannun Auta sai ƙaiƙayi yake. Ta ɓare takarda, ta danna ɗaya. Ta zagaya da gudu, ta danna ɗayan. Sannan ta ruga bakin ƙofa ta juyo.

Kash! Ta sa na dama a hagu, na hagu a dama. Gashin fiffiken yana kallon gaba, maimakon baya.

Ta ɗauko sukudireba ta zura, ta ɓamɓare ɗaya. Fenti ya biyo shi, faɗin tafin hannunta.

Da Baba ya dawo, ta faɗa masa komai tana kuka. Ya shafa wurin.

"Gam ba ya jin ban haƙuri, Mamana," ya ce. Ya ƙara da cewa mai mota ce za ta yanke hukunci, ko a bar fiffiken ko a sa na kanti. Kuma Auta ce za ta yi mata bayani da bakinta.

Da la'asar Gwaggo ta iso cikin kwalliya. Auta ta yi bayani. Gwaggo ta dubi fiffiken da ya rage, sai ta tuntsire da dariya.

"Yaya, ashe motata da baya za ta tashi sama?"

Ta ja kunnen Auta kaɗan, domin ranar a motar haya za ta koma gida. Amma ta ce fiffiken 'yarta take so, in har 'yar za ta gyara ɓarnarta.

Ranar Asabar ƙawayen Auta suna wasa a waje, ita kuwa tana goge gefen mota da samfefa har yatsunta suka yi zafi. Baba ya cire ɗaya fiffiken a hankali, ya sake fesa fenti, ya sa wa duka biyun sabon gam. Da fentin ya bushe, ta riƙe su da salatif, ta ja da baya ta duba. Ɗaya ya ɗan karkace, ta gyara. Sannan ta liƙa.

Kai, mota a tsaye, amma sai ka ce gudu take!

Washegari Gwaggo ta ɗauki Auta suka zaga unguwa. Duk wanda ya yaba adon, sai ta nuna ta ta ce, "Ga mai zanen nan."

Tun daga ranar Auta ta gane cewa sauri ya haifi nawa. Kowane aiki, a duba da kyau kafin a aikata.